Ranar da Masu Gida Suka Ci Kofi a Waje

 Yau daga Gwammaja muke magana, a nan cikin birnin Kano, inda muhawarar ƙwallo ba ta yankewa a majalisu da teburan masu shayi da ƙofar gidajen kallo. Idan aka tambayi magoyin bayan Kano Pillars abin da ƙungiyarsa ta fi tinƙaho da shi, nan take zai lissafo kofunan gasar Firimiya guda huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ya ƙara da yadda aka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka a 2009. Sai ya kusa rufe baki sannan yake tuno Kofin Ƙalubale na 2019, kamar wani ɗan ƙari ne da aka samu a kan ciniki. Ra'ayina shi ne wannan jeri bai yi wa kofin adalci ba. A cikin duk abin da Pillars ta ci a ƙasar nan, kofin 2019 ne ya fi wuyar musantawa, domin shi kaɗai aka ciyo ba tare da filin gidanta na Ƙofar Mata ya sa hannu ba. Kuma saboda wannan dalilin ne nake ganin gasar Kofin Ƙalubale ta cancanci kulawar da mu Kanawa ba ma ba ta.

Bari mu fara da ita gasar kanta, don matasa da yawa sun san tarihin kofin Ingila fiye da na gida. An fara ta a 1945 da sunan Kofin Gwamna, zamanin Gwamna Arthur Richards, kuma ƙungiyoyin Legas ne kaɗai suka riƙa ɗauka a shekarun farko. Ta girmi gasar lig ta ƙasa da shekaru masu yawa, ta girmi 'yancin kan Najeriya da shekara 15. Ta sha sauya suna bisa zamani da kuma wanda ya ɗauki nauyinta: an kira ta Kofin Ƙalubale daga 1960, an kira ta Kofin Tarayya, daga 2017 aka laƙaba mata sunan kamfanin mai na Aiteo, yanzu kuma da sunan shugaban ƙasa ake kiranta. Ga yadda tsarinta yake a yau. A jiha ake farawa, inda babbar ƙungiya da ƙarama duk suke da ikon yin rajista. Ƙungiyoyi biyun da suka kai wasan ƙarshe a kowace jiha, da biyun Abuja, su ne ke haurawa matakin ƙasa, jimilla 74, a tankaɗe su su koma 64, daga nan sai sili-ɗaya-ƙwale. A bisa al'adar gasar kuma, wasannin matakin ƙasa ana kai su garin da ba na ɗayan ƙungiyoyin biyu ba ne. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ginshiƙin maganata.

Duk mai bibiyar Firimiyar Najeriya ya san cutar da ta daɗe tana damunta: mai gida ba ya shan kashi. Shekara da shekaru, ƙungiya kan tsara kakarta ne a kan ta cinye wasanninta na gida, ta je waje ta lallaɓa ko za ta samo canjaras biyu ko uku, kuma hakan kan isa a ɗauki kofi. Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne na rashin gaskiya ba. Akwai doguwar tafiyar mota daga Kano zuwa Fatakwal ko Uyo, a isa a gajiye a shiga fili. Akwai bambancin yanayi da na fili. Akwai kuma abin da ba a son faɗa a bainar jama'a, wato alƙalin wasan da ya san 'yan kallo dubbai na kewaye da shi, jami'an tsaro kuma ƙalilan ne, sai ya auna lafiyarsa kafin ya hura usur. Pillars ce ta fi kowa shahara a wannan babi. Daga 2003 zuwa 2015, shekara 12 cur, ta buga wasan lig fiye da 200 a gida ba a doke ta ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. Mu a nan muna kallon wannan a matsayin jarumta, kuma akwai jarumta a cikinsa, don babu filin da ke cika a ƙasar nan kamar filin Sani Abacha idan Pillars na wasa. Amma a Aba da Inugu da Ibadan, fassarar da ake yi masa daban ce. Cewa suke yi kirarin "Sai Masu Gida" gaskiya ne har ya yi yawa: a gida kaɗai suke iyawa. Kofunan lig huɗun nan ba su iya rufe bakin mai wannan magana, tunda rabin wasannin kowace kaka a Kano aka buga su. Hausawa sun ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Kofin Ƙalubale shi ne ƙasar.

Kuma da aka hau ƙasar, tarihi bai fara da yi mana daɗi ba. Gaskiya ne zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano ne suka fara fitar da kofin daga Legas a 1953, bayan sun doke Lagos Dynamos da ci biyu da ɗaya, abin da ya kamata kowane yaro mai buga ƙwallo a garin nan ya sani. Amma shekarar da ta biyo baya Kalaba ta doke Kano a wasan ƙarshe, daga nan kofin ya yi mana nisa. Raccah Rovers ta Kano, wadda ta ci lig a 1978, ba ta kawo shi ba. Pillars da aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North ta kai wasan ƙarshe tun tana jaririya, a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta uku da biyu. Sai kuma abin da ya faru a Asaba a watan Oktoba na 2018, wanda har yau akwai waɗanda ba sa son a tayar da zancensa. Pillars ta zura wa Enugu Rangers ƙwallo uku ba ko ɗaya, Rabi'u Ali ne ya buɗe hanya. A unguwannin Kano an fara shirin fita murna. Cikin kusan rubu'in awa na ƙarshe Rangers ta farke duka ukun, aka tafi bugun fenariti ta yi nasara huɗu da biyu, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1983. Masu cewa Pillars ba ta iya riƙe wasa idan babu ihun Kanawa a bayanta sun samu hujjar da ta fi kowace ƙarfi a ranar.

Wannan ne nauyin da 'yan wasan suka shiga kakar 2019 da shi, ƙarƙashin koci guda, Ibrahim Musa Jugunu, kuma da yawansu su ne dai waɗanda suka sha kunyar Asaba. Ƙungiyar da irin wannan ya faru da ita, sau da yawa tarwatsewa take yi: a kori koci, a zargi mai tsaron raga, 'yan wasa su watse. Pillars ba ta watse ba. Ta gama lig a mataki na biyu bayan Enyimba, ta kuma bi zagayen kofin ɗaya bayan ɗaya a filayen da ba nata ba, har ta sake kai wasan ƙarshe wata tara bayan Asaba. Ranar 28 ga Yuli, 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, ta haɗu da Niger Tornadoes ta Minna. An tashi babu ci, aka je fenariti, Pillars ta ci huɗu Tornadoes uku. Shekara 29 da kafa ƙungiyar, shekara 66 rabon Kano da kofin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba sakamakon ba ne, yadda aka same shi ne. A Asaba, ƙungiyar ta iya cin ƙwallo amma ta kasa tsare gidanta, ta kuma karaya da aka zo fenariti. A Kaduna ba a zura mata ko ɗaya ba, kuma a wurin da ta faɗi a 2018, nan ta tsaya da ƙafarta. Lig ba ta yi wa ƙungiya irin wannan jarrabawa, domin a lig kowane kuskure yana da mako mai zuwa da za a gyara shi.

Na san abin da wasu masu sauraro ke cewa yanzu: ai fenariti sa'a ce, kamar jefa kwabo sama. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ce babu rabo a cikin bugu biyar ba. Amma mai faɗar haka ya tambayi kansa abin da ya faɗa a 2018. A lokacin babu wanda ya ce Rangers sa'a ta yi. Cewa aka yi 'yan wasanmu ba su da zuciya. Idan faɗuwa a fenariti shaidar rashin zuciya ce, to nasara a fenariti shaidar zuciya ce, ba za a auna biyun da mudu daban-daban ba. Bayan haka, ɗan wasan da ya tako daga tsakiyar fili zuwa gaban raga, yana sane da cewa a nan aka kunyata ƙungiyarsa bara, ba kwabo yake jefawa ba. Akwai horo a ciki, akwai nazarin mai tsaron ragar abokan hamayya, akwai iya riƙe numfashi. Sannan kafin a kai ga fenaritin ranar ƙarshe sai an tsallake zagaye da dama waɗanda kuskure ɗaya a cikinsu ya isa a tattara kaya a koma gida. Sa'a na iya kai ƙungiya zagaye ɗaya, amma kai wa wasan ƙarshe shekara biyu a jere ya wuce sa'a.

Suka ta biyu ta fi wannan nauyi. Ana cewa Tornadoes ƙungiya ce da ta faɗo daga Firimiya a kakar nan ta 2019, don haka doke ta ba abin kirari ba ne, balle a ce da ƙyar aka yi. Ana kuma cewa Kaduna ai gida ce, tafiyar awa uku ko ƙasa da haka, kuma Kanawa sun yi dafifi zuwa filin. Batun Kaduna gaskiya ne an je da yawa, amma Minna ma maƙwabciyar Kaduna ce, kuma yawan magoya baya ba shi ne asalin abin da ake zargin mai gida da shi ba. Abin da ake zargi shi ne iko: wa ke riƙe da ƙofa, wa ya tanadi tsaro, wa ya sauki alƙalai, wa zai raka su idan an tashi. A wasan ƙarshe na kofi duk waɗannan suna hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, gaban manyan baƙi da kyamarorin talabijin. Batun Tornadoes kuwa, mai raina ta bai san tarihinta a kofin nan ba. Ta ɗauke shi a 2000 bayan ta doke Rangers, ta kai wasan ƙarshe a 2017 inda Akwa United ta sha da ƙyar a fenariti. Kuma a nan akwai abin lura: yaya ƙungiyar da ta kasa tsira a lig ta kai wasan ƙarshe na kofi sau biyu cikin shekara uku? Amsa ɗaya ita ce teburin lig ɗinmu ba koyaushe yake nuna ainihin ƙarfin ƙungiyoyi ba. Yana nuna wanda ya fi kuɗin tafiya, da wanda gidansa ya fi tsoratarwa. Idan aka cire waɗannan, tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa sai ta tsuke.

Suka ta uku ita ce mai ciwo: to me kofin ya tsinana? Ladan da aka ware wa zakara a lokacin naira miliyan 25 ne, kuɗin da bai kai ya riƙe babbar ƙungiya na dogon lokaci ba. Makonni kaɗan bayan Kaduna, Pillars ta shiga gasar Zakarun Afirka, ta doke Asante Kotoko uku da biyu a Kano, ta je Kumasi aka ci ta biyu da nema, aka fitar da ita tun a zagayen share fage. Shekara uku bayan kofin, a 2022, ta faɗi daga Firimiya gaba ɗaya, sai a 2023 ta dawo. Duk wannan haka yake. Sai dai idan aka dubi abubuwan da kyau, ba darajar kofin suke ragewa ba, nuna mana suke yi cewa ba a ɗauki darasinsa ba. Wasan Kotoko tsohuwar cutar ce ta dawo: a ci a gida, a kasa a waje. Faɗuwar 2022 kuwa, cikin abubuwan da suka jawo ta har da makin da aka zaftare wa ƙungiyar bayan tarzomar da ta biyo wasanta da Katsina United a Kano, aka kuma kore ta daga filinta. Wato abin da muke taƙama da shi, zafin gida, shi ne ya juyo ya cije mu. Gasar Afirka ba ta san kirarin kowa ba. Abin da ya sa 2009 ta zama abin tunawa shi ne an je Alƙahira an yi biyu da biyu da Al Ahly, mai riƙe da kofin a lokacin, aka wuce da ƙwallayen waje. Ƙungiyar da ke son maimaita wannan tana buƙatar sabo da wasan da babu gata a cikinsa, kuma a cikin ƙasar nan Kofin Ƙalubale ne kawai makarantar da ke koyar da shi.

Akwai kuma matashin gidan kallo da zai ce duk wannan surutu ne, shi dai a bar shi da Arsenal ko Madrid. Ba na ganin laifinsa. Ƙwallon Turai ta fi tsari, ta fi kyan kallo, kuma ana nuna ta a kan lokaci. Amma Turawan da yake kallo ba su yar da nasu kofin ba. Na Ingila tun kakar 1871 zuwa 1872 ake buga shi, ɗaruruwan ƙungiyoyi ke shiga, kuma a 2013 Wigan ta doke Manchester City a wasan ƙarshe a kakar da ta faɗi daga Firimiya, babu wanda ya ce kofin ya zube saboda haka. Da Leicester ta ɗauka a 2021, Kelechi Iheanacho da Wilfred Ndidi na ciki, an yi murna a gidajen kallon Kano. A Faransa dubban ƙungiyoyi ke shiga, har Calais, ƙungiyar 'yan sa-kai masu sana'o'insu daban, ta kai wasan ƙarshe a 2000. Irin wannan labari yana faruwa a nan ma, ba a dai ba shi amo ne. Bayelsa United ta ɗauki kofin a 2021 tana rukuni na biyu. El-Kanemi ta maimaita haka a 2024, ta doke Abia Warriors biyu da nema a Legas, ta kai kofi Maiduguri bayan shekara 32, garin da ya sha wahalar da kowa ya sani. Ita kanta Tornadoes, da yake Pillars ta tafi gasar Zakaru, ta samu damar wakiltar Najeriya a gasar Afirka ta biyu a 2019 tana ƙaramin rukuni. Babu wata gasa a ƙasar nan da ke buɗe wa ƙaramar ƙungiya irin wannan ƙofa.

A nan ne maganar ta dawo unguwa. Gwammaja, Dala, Ƙofar Ruwa, Fagge, Kurna, ko'ina ka duba da yamma akwai yara a filin makaranta ko wani kangon fili, da kocin da ke horar da su ba albashi, yana haɗa kuɗin riga da ƙwallo daga aljihun 'yan unguwa. Hanyar lig a wurinsu doguwa ce: sai an bi rukuni bayan rukuni, kowanne da kuɗin rajista da na tafiye-tafiye na kaka guda, abin da ƙungiyar unguwa ba ta iya ɗauka. Hanyar kofi kuwa gajeriya ce, wasa ɗaya ne a kowane zagaye, kuma a ƙa'ida babu abin da ya hana ƙungiyar da ta fito daga bayan Gidan Mambayya ta tsaya gaban Pillars a fili guda, ido da ido, minti 90. Gwammaja, unguwar da Malam Aminu Kano ya zauna, ta san muhimmancin a ba ɗan talaka damar tsayawa gaban babba. Yaron da ya taka rawar gani a irin wannan wasa, masu farautar 'yan wasa sun gan shi a rana ɗaya, ba sai ya nemi wanda zai kai shi gwaji ba.

Matsalar ita ce matakin jiha, wanda shi ne tushen gasar, shi aka fi wofintarwa. Sau da yawa ana buga shi cikin gaggawa, a matse shi tsakanin wasannin lig, ba tare da jama'a sun san ranar ba, sai dai su ji an ce wance da wance ne za su wakilci Kano. Gyaran wannan ba ya buƙatar biliyoyi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta fitar da jadawalin kofin tun farkon kaka, ta yi ƙuri'ar haɗa ƙungiyoyi a bainar jama'a, ta sassauta kuɗin rajista ga ƙungiyoyin unguwanni da na ƙananan hukumomi 44. Idan ƙuri'a ta haɗa babba da ƙarama a zagayen farko, a kai wasan kusa da ƙaramar, muddin akwai fili mai katanga da tsaro. Gidajen rediyonmu, har da wannan da kuke sauraro, su riƙa kawo wasannin kai tsaye, masu gidajen kallo su rubuta su a allonsu kusa da na Turai. Ita kuma Pillars ta riƙa shiga kofin da cikakken ƙarfinta tun daga zagayen farko, ta daina ɗaukarsa wurin hutar da manyan 'yan wasa. Wasan ƙarshe na jiha kuwa a tsayar masa da rana guda sananniya kowace shekara a filin Sani Abacha, a saukaka kuɗin ƙofa, a buga na mata kafin na maza kamar yadda aka yi a Kaduna a 2019.